Wayar da Na Yanke a Gidan Surukina

Shekara goma sha bakwai ina aikin wayarin a Gyadi-Gyadi, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa mai aiki ban iya ba. Ba don na iya komai ba ne. Haka muka taso muka ga ana yi: in an kawo maka abu, ka juya shi, ka ƙwanƙwasa, ka ce a dawo bayan la'asar. Kafin la'asar ko dai ka gano kansa, ko ka gano abin da za ka ɗora wa laifi. Sunana Inuwa. A layinmu Inuwa Mai Wuta ake ce mini, amma a gidan surukina da ke Tarauni, Injiniya nake.

Surukin nawa, Alhaji Magaji, shi ya laƙaba mini sunan. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son tsari, wanda ko takalmi aka ajiye a karkace sai ya gyara shi da sandarsa. Lokacin da ya ba ni 'yarsa Zahra'u, wadda take aikin jinya a asibitin koyarwa, dangi sun yi ta ƙananan maganganu, wai nas guda ta ƙare a hannun mai hawa tsani. Babban ɗansa Khalid, da yake zaune a Ingila, ko ɗaurin auren bai zo ba. Alhaji bai tanka wa kowa ba. Sai dai tun daga ranar, duk inda zai gabatar da ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Wannan surukina ne, Injiniya." Ni kuwa in durƙusa, in sunkuyar da kai, kunnuwana suna zafi don daɗi da kunya. Shekara tara ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Da man fetur ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, sai Khalid ya ce mahaifinsa ya gama bin layin gidan mai. Ya sa wani dillali ya shigo masa da mota mai amfani da lantarki daga Chana, fara tas, ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Ta zo da wata 'yar waya a but ɗinta na baya, wadda ake soka wa a soket ɗin gida kamar ta dutsen guga. Tana cajin, amma sai a kwana a yini kafin batirin ya cika. Wannan ya sa Khalid ya aiko da babbar caja daga Ingila, irin wadda ake kafawa a bango, wai cikin 'yan awoyi ta cika motar. Da kwalin ya iso, Alhaji ya ce babu wanda zai taɓa shi sai Injiniya.

Wanda yake tuƙa motar shi ne Malam Bello. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Rano, kuma shekara ashirin da biyu yana tuƙa Alhaji. A boskwatan gidan yake zaune da matarsa da 'ya'yansu huɗu. Ba shi da yawan magana. Kullum bayan sallar asuba sai ya wanke mota, ko ta yi datti ko ba ta yi ba, kuma sabuwar motar nan har tausayinta yake ji. In zai soka mata 'yar wayarta sai ya yi bisimilla a bayyane.

Ranar wata Asabar da hantsi na je da kayan aikina. Na durƙusa na gai da Alhaji, ya ce mini ya gaya wa abokansa na majalisa su zo bayan la'asar su ga yadda ake ba mota wuta daga bango. Na ce Allah ya kai mu. Kafa cajar bai ba ni wahala ba. Na huda bangon gareji, na ja waya mai kauri daga allon wuta, na sa mata makashinta daban, na kunna, ta kawo koren haske. Malam Bello yana riƙe mini tsani yana cewa tubarkalla. Sai na ɗauko kan cajar, na buɗe bakin da ake ba motar wuta, na kai zan soka.

Ya ƙi shiga.

Na juya shi, na sake gwadawa. Na duƙa na leƙa. Kan cajar rami bakwai gare shi. Bakin motar ma rami bakwai ne, a jere iri ɗaya. Rami da rami, babu mai tsinken da zai shiga wani. Na ɗauko 'yar wayar da ta zo da motar, na ga ita tsinkaye gare ta. A nan na gane cewa mutanen Ingila da mutanen Chana ba su zauna sun yi shawara ba, kowa da irin bakin da yake yi wa motarsa. Khalid, da duk iliminsa, cajar wata mota ya sayo.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In koma falo, in durƙusa, in ce Baba, wannan ba ta wannan ba ce, kuma ban san yadda ake haɗa su ba. Kalmomi ne da ba su wuce goma sha biyar ba. Amma na hango abokan Alhaji a jere kan kujeru, na hango shi yana ba su haƙuri, na ji muryar Khalid a waya yana cewa dama ya faɗa. Kuma, in faɗi gaskiya, wani abu a raina ya yi murna. Ga ranar da mai hawa tsani zai gyara kuskuren mutumin Ingila.

Mu a nan, in filogi ya ƙi shiga soket, ba ma dogon tunani. Ka yanke kan, ka sa wanda zai shiga. Na yi wa firji, na yi wa injin markaɗe, na yi wa na'urar ɗinki da aka kawo daga Makka. Na zaro filaya.

"Injiniya," in ji Malam Bello, "ba dai yanke ta za ka yi ba?"

"Kan zan ɗauke in mayar wa babbar. Minti goma ne."

"To ai ita kaɗai ce motar take ci da ita. In an bari a tambayi mai kawowa fa?"

"Malam Bello, kai da tuƙi, ni da waya. Riƙe mini nan."

Ya riƙe. Da hannunsa ya riƙe mini wayar na datse ta, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau suke ci mini rai.

Da na fere, sai na ga ba waya uku ba ce kamar yadda na saba. Akwai masu kauri ukun, sannan akwai wasu sirara, kuma launin na Chana daban da na Ingila. Yanzu na san cewa ta siraran nan ne mota da caja suke fahimtar juna kafin wuta ta wuce. A ranar ban sani ba. Na yi canki-canka, na murɗa, na naɗe da baƙin tef, na soka a motar. Ya shiga daram. Na dubi Malam Bello na yi murmushi, sannan na kunna.

Wani abu ya yi ƙas a cikin motar, can ƙasan kujerar baya. Ƙauri ya taso kaɗan, irin na robar da ta taɓa wuta. Hasken cajar ya koma ja. Na kashe da sauri, gumi ya karyo mini har cikin ido. Na warware haɗin, na mayar wa kowace waya kanta, na naɗe su tsaf yadda sai an ƙura ido za a lura. Na soka 'yar ƙaramar a soket don in gwada. Motar ko gezau.

"Kada ka ce komai," na ce wa Malam Bello. "Zan nemo yadda za a yi kafin Litinin."

Ya dube ni, ya dubi motar. "Allah ya rufa asiri," ya ce.

Na shiga na gaya wa Alhaji cewa wutar yau ba ta da ƙarfi, kada a gwada cajar sai ta daidaita. A Kano babu wanda zai yi maka musu a kan wannan. Abokansa suka zo, suka shafa cajar a bango, suka sha shayi, suka yaba wa Injiniya.

Litinin ta zo ban nemo komai ba. Na kwana biyu ina kallon bidiyo a waya, na tambayi masu gyaran inbatar sola biyu a Sabon Gari a fakaice, duk a banza. Malam Bello ya ci gaba da wanke motar da safe, yana soka mata wayar, yana bisimilla, ba ta karɓa. Batirin yana ta sauka. Ranar Laraba, a kan hanyar zuwa gaisuwar mutuwa a Hotoro, motar ta tsaya cik a tsakiyar titi daidai kasuwar Tarauni. Alhaji Magaji, da babbar rigarsa da sandarsa, sai a A Daidaita Sahu ya ƙarasa, masu shaguna suna kallo.

Washegari da yamma aka kira ni. Na tarar da Alhaji a kujerarsa, an jingina waya a kan tebur, fuskar Khalid ta cika ta. Malam Bello yana tsugune a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Na samu gefen kafet na zauna.

Khalid yana ta faɗa. Ya ce ya yi magana da dillalin, an ce masa na'urar da ke karɓar caji a cikin motar ce ta ƙone. Ya ce mota sabuwa ba ta ƙonewa haka kawai. Ya ce ya ji labarin kullum ana sheƙa mata ruwa da tiyo kamar ana ban ruwan lambu.

"Baba, tun farko na faɗa muku, wannan ba irin motar da Bello ya saba ba ce. Ruwa ya zuba mata a bakin caji. To ga Injiniyanku nan, a tambaye shi. Inuwa, ruwa zai iya yin wannan ko ba zai iya ba?"

Ban ɗaga kai ba, amma na san Malam Bello ni yake kallo.

"Zai iya," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, haka na riƙa gaya wa kaina daga baya. Ruwa zai iya. Amma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta kai wannan ƙazanta ba.

Alhaji ya juya. "Bello, kana wanke ta?"

"Ina wankewa, Alhaji."

"Akwai wani abu da ka sani game da motar nan wanda ban sani ba?"

Malam Bello ya daɗe yana murza hularsa. Ni kuwa ina addu'a a zuci, kuma ba addu'ar Allah ya ba ni ƙarfin magana nake ba, addu'a nake Allah ya sa ya yi shiru.

"Babu, Alhaji," ya ce.

Ƙarshen wata aka sallame shi. An yi abin cikin mutunci, kamar yadda ake cewa: Alhaji ya ba shi shadda da buhun shinkafa, ya sa masa albarka. Dillalin ya kawo wani direban da aka ce ya san irin motar, kuma shi ma da iyalinsa, don haka sai an ba shi boskwata. Ranar da su Malam Bello suka kwashe kaya ban je Tarauni ba. Na ce ina da aiki a Unguwar Gano, na je na zauna a shagon wani abokina har azahar ina kallon titi.

Zahra'u ta yi kuka. Ta ce Malam Bello ne ya riƙa kai ta makaranta tun tana firamare, shi ya ɗauke ta a kafaɗa ranar da ta karye a ƙafa. Ta je ta roƙi mahaifinta, ya ce magana ta wuce. Da ta dawo, tana ninke kayan aikinta, sai ta ce, "Baban Sadiya, tsakaninka da Allah, ruwa yana yin haka? Motar da ake shiga ruwan sama da ita?" Na ce mata abin lantarki ba a shaidarsa. Ta gyaɗa kai, don ta yarda da ni, ta ci gaba da ninkinta.

An ɗora motar a babbar mota aka kai ta Abuja. Bayan sati shida ta dawo, an canza na'urar, an canza wayoyin biyu. Tare da ita aka aiko da wani ɗan abu baƙi, bai wuce gwangwanin madara ba. Adafta ne. Gefe ɗaya yana karɓar kan Ingila, ɗaya gefen yana shiga bakin Chana. Sabon direban ya soka, haske ya kawo kore, motar ta fara sha. Ina tsaye a wurin. Ashe duk abin da ake bukata ke nan, da haƙurin sati biyu, da mutumin da zai iya cewa bai sani ba.

Wata uku bayan haka, da tsakar rana, na fito daga wani aiki kusa da ƙofar asibiti, da naɗin waya a kafaɗa. Na tsayar da A Daidaita Sahu na faɗa baya ba tare da na duba ba, na ce Gyadi-Gyadi, bayan masallaci.

"Injiniya, sannu da aiki."

Malam Bello ne. Ya rame, ya yi baƙi, ya ɗaura ƙyalle a wuya saboda gumi. Da ina da hanyar dira da na dira, amma ya riga ya ja.

Muka gaisa. Na tambayi iyali, ya ce suna ƙauye, tun da aka bar boskwata ya mayar da su. Shi yana kwana a wani shago a Unguwar Gano tare da wasu masu tuƙin su biyar. Na tambayi 'yarsa Rabi, wadda na san tana ajin ƙarshe a sakandare. Ya ce ta bi uwarta, makarantar da ke ƙauyen ba ta da ajin, sai dai in Allah ya kawo wani lokaci. Duk wannan ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin damina. Sannan ya ce, "Motar ta tashi kuwa?"

"Ta tashi."

"Alhamdulillahi. Shi sabon direban yana tuna wa Alhaji maganin hawan jininsa? Ba ya sha sai an tuna masa, kuma ba ya son a tuna masa a gaban mutane."

A nan na kasa daurewa. Na ce, "Malam Bello, ka yafe mini. Na cuce ka."

Ya kauce wa wani rami.

"Ni ba zan tona maka asiri a gaban surukinka ba, Injiniya. Ba tarbiyyarmu ba ce. Kuma ga Khalid a waya yana jira." Ya rage gudu a kwanar masallaci. "Na dai ɗauka za ka sami Alhaji daga baya, ku biyu. Har ranar da muke ɗaure kaya ina duban ƙofa."

Ya sauke ni, ya ce in gai da Zahra'u, ya juya ya tafi neman fasinja.

Asabar da ta biyo baya na tafi Tarauni da sassafe, kafin zuciyata ta canza shawara. Na sami Alhaji shi kaɗai a gareji, a kan farar kujera, yana jan carbi yana kallon motar tana caji. Na durƙusa. Bayan gaisuwa ban tashi ba. Na fara tun daga ramuka bakwai har zuwa falon, ban rage komai ba. Na ce ni na yanke, ni na ƙona, Malam Bello ya hana ni ban ji ba. Da na gama, na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Alhaji bai daina jan carbinsa ba.

"Na sani," ya ce.

A karon farko cikin shekara tara na ɗaga kai na dube shi.

"Tun ranar na sani. Da kuka fita na shigo nan, na ga ɓawon waya a ƙasa, na buɗe but na ga tef. Shekara talatin da biyar na yi ina duba aikin 'yan kwangila, Inuwa. Kuma Bello bai taɓa ɓata mini ko madubi ba."

"To, Baba, me ya sa..."

"Na tambaye shi a gabanka don in ba ka ƙofa. Da ka shiga, da na san yadda zan yi da Khalid, in ce kuskure ne, kowa yana yi. Ba ka shiga ba. Ka ce zai iya. Daga nan kuma ba maganar kuskure ake ba. In na buɗe, mijin 'yata ya zama maƙaryaci a gaban wanta, a gaban dangin da na rufe wa baki saboda kai." Ya ja numfashi. "Direba zan iya sallama. Kai fa, yaya zan yi da kai?"

Na ce, "Baba, a dawo da shi. Iyalinsa suna ƙauye, Rabi ta bar makaranta. Zan kira Yaya Khalid da kaina in gaya masa. Zan gaya wa Zahra'u."

"Ka gaya wa Zahra'u cewa mijinta ya yi, ubanta ya sani, mu biyu muka zuba ido aka ɗaure kayan Bello?" Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, kuma na gane shi ma watannin nan bai ji daɗinsu ba. "Ni ba zan iya ba. Na tsufa da wannan. Maganar nan ta mutu a garejin nan, ka ji ni?"

Ina iya cewa a'a. Ba ɗaure ni ya yi ba, ba rantsar da ni ya yi ba. Wayata tana aljihu, lambar Khalid tana ciki, matata tana gida tana shirin tafiya aiki. Malam Bello kuma yana can wani wuri tsakanin Gyadi-Gyadi da ƙofar asibiti, yana kiran fasinja a rana.

Na sunkuyar da kai.

"To, Baba," na ce.

Kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a lokacin da na faɗa, sanyi na ji a raina.